Motsa Kyamara da Gangan a Dajin Kaka: Amsa ga Ƙanwata da ke Shefild

Tambayar da ta zo mini ita ce: "Yaya, ina karatu a Shefild ta ƙasar Ingila. Muna makon farko na Oktoba, ganye ya fara juyawa rawaya. Na ga wasu hotunan daji masu kama da zanen burushi, aka ce mini da gangan ake motsa kyamara lokacin ɗauka, ana kiran abin ICM. Na gwada a lambun da ke kusa da masaukinmu, na ɗauki sun fi 100, amma ko dai su fito fari fat, ko launin ya cakuɗe kamar kunu. Kyamarata Canon ce ƙarama, da lens 18-55 da kuma 55-250. Ina kuskuren yake? Ko in jira sai ganyen ya gama ja tukuna?"

Ƙanwata, sannu da karatu, sannu kuma da sanyin da ya fara shigowa. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce lokaci yake ƙure wa: kada ki jira. Makonni biyu ko ukun nan da kike ciki su na fi so a duk shekara ga irin wannan aiki, kuma na daɗe ina yawo da kyamara a dazuzzukan da ke yamma da garin da kike zaune.

Ga dalilina. Koren ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, bishiya takan daina sabunta shi, ta janye abin da za ta iya janyewa daga ganyen ta adana a jikinta. Rawayan da kike gani dama can yana cikin ganyen, kore ne ya lulluɓe shi. Ja kuwa a wannan lokacin ganye yake ƙera shi, musamman in ana samun rana da yini, sanyi da dare. To, bishiyoyi ba sa juyawa rana ɗaya. Bishiyar nan siririya mai farin ɓawo da suke ce wa bac tana cikin masu rigayi, ita kuwa ok, mai kaurin jiki da murɗaɗɗun rassa, takan riƙe korenta har wajen Nuwamba. A ƙasa kuma akwai ciyawar nan mai ganye kamar gashin tsuntsu, birakin, wadda yanzu ta fara komawa jaja-jaja. Ke nan a farkon Oktoba kina da kore mai duhu a baya, rawaya a yayyafe a tsakiya, ja-ja a ƙasa, kowanne a wurinsa. Idan kika bari sai komai ya juya, launukan sukan koma dangi ɗaya, ruwan ƙasa da ruwan goro, kuma iska ɗaya mai ƙarfi tana iya kakkaɓe rabinsu a dare guda. Motsin kyamara yana dama duk launin da ya tarar a kan hanyarsa. In launukan sun bambanta sosai, sai su zama layi-layi masu kyau. In kuwa kusan iri ɗaya ne, ga kununki nan.

Matsalolinki biyu ba ciwo ɗaya ba ne. Farin na lissafin haske ne, kuma yau ɗin nan za ki iya magance shi. Kunun na ido ne da hannu, shi ne zai ɗauke mu lokaci.

Kan haske: domin motsi ya bayyana, dole shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta daɗe a buɗe, wajen 1/8 zuwa 1/2 na sakan. Ni daga 1/4 nake farawa. Amma a fili cikin rana tsaka, da ISO (ma'aunin saurin kama haske) 100 da afaca (faɗin ramin da haske ke bi a lens) f/16, abin da kyamara take buƙata wajen 1/125 ne kawai. Daga 1/125 zuwa 1/4 an ninka haske sau biyar a jere, wato ninki 32 na abin da sensa, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, take so. Dole hoto ya ƙone. Na tabbata abin da ya same ki a lambun ke nan. Cikin daji mai rufin ganye, ranar da gajimare ya rufe sama, haske yakan ragu da kusan wannan adadin, har ki tarar ISO 100, f/16 da 1/4 sun zauna daidai ba tare da kin sayi komai ba. Shi ya sa ranar da abokan karatunki suke ƙorafin garin ya yi duhu ana yayyafi, ke ranar fitarki ke nan. Ki cire ISO daga otomatik ki kafe shi a 100. Ki juya maɓallin sama zuwa Tv, ki zaɓi 1/4, ki bar kyamara ta zaɓi afaca. In kin ga lambar afacar tana ƙyaftawa, tana gaya miki ne ta tsuke iya tsukewarta kuma hasken ya fi ƙarfinta. A nan sai ki shiga inuwa mai duhu, ko ki jira la'asar sakaliya, ko ki sa filta.

Filtar da ake nufi ita ce ND, baƙin gilashi da ke rage haske ba tare da ya taɓa launi ba. ND8 tana rage mataki 3, ND64 tana rage 6, kowane mataki kuwa yana raba haske biyu ne. Ga dajin Ingila a kaka ND8 ta isa. In lens ɗinki irin EF-S ne, su biyun bakinsu 58mm ne, don haka filta ɗaya za ta yi musu. Amma in kuɗin guda ɗaya kike da shi, ni filtar folaraiza zan ce ki saya. Tana cin haske kusan mataki 2, sannan tana kashe ƙyallin ruwa a kan ganye, kuma jiƙaƙƙen ganye in an cire masa ƙyalli korensa yakan fito da zurfi ƙwarai.

Ki kashe abubuwa biyu a jikin lens. Na farko maɓallin da ke hana hoto rawa: aikinsa ya yaƙi motsin hannu, ke kuwa motsin kike nema, in kin bar shi a kunne zai riƙa fisgar layinki yana karya shi. Na biyu fokas na otomatik: ki saita fokas a kan jikin bishiyar da kika zaɓa, sannan ki mayar da shi MF, wato fokas na hannu. Mutane da yawa suna ganin tunda hoton zai goge ai fokas ba shi da amfani. Yana da shi. Idan kin ja kyamara daga ƙasa zuwa sama, gefen bishiyar na dama da na hagu ba sa gogewa, suna nan da kaifinsu in fokas ya zauna, kuma wannan kaifin shi ne yake gaya wa mai kallo cewa da niyya aka yi. In babu shi, sai a ɗauka hannunki ne ya yi rawa.

Yanzu ga babbar maganar, kuma ita ce nake so ki riƙe fiye da duk lambobin nan. Motsi ba ya gyara wurin da ba shi da tsari. Abin da yake yi shi ne ya share ƙananan abubuwa, jijiyar ganye da tsagar ɓawo da tsinke-tsinke, ya bar miki manyan layuka da manyan launuka kurum. In waɗannan biyun ba su da kyau kafin ki motsa, ba abin da zai rage. Saboda haka kafin ki ɗaga kyamara, ki tsaya ki ƙanƙance idanunki har wurin ya koma dishi-dishi. Abin da kike gani a haka, kusan shi ne hotonki. Kina ganin fararen sanduna uku ko biyar a tsaye a gaban duhu? Akwai hoto. Kina ganin hargitsi launi ɗaya? Ki yi gaba.

Sannan ki guji sama. Ko ɗan ramin haske tsakanin ganye, wanda idonki bai ma lura da shi ba, motsi zai ja shi ya zama farin zare daga sama har ƙasa, kuma hasken da ya riga ya ƙone sensa ba duhun da zai biyo baya ya goge shi. Ki nemi wurin da bayan bishiyoyin tudu ne, ko bangon dutse, ko daji mai kauri. Ki tsaya a gefen kwari ki harba zuwa ɗaya gefen, ko ki hau ɗan tudu ki duba ƙasa.

Akwai wurin da ya haɗa duk wannan, kuma yana kusa da ke. Jirgin ƙasa mai zuwa Mancesta ta kwarin Hope yana tsayawa a tashar Grindleford, wajen minti 15 daga Shefild, da zarar ya fito daga dogon ramin Totley. Daga tashar, Padley Gorge na nan dab, kwari ne mai rafi da tsofaffin ok da duwatsu masu gansakuka. Mutane can suke tururuwa, kuma yana da kyau ga hoto na yau da kullum, amma ga mai koyon ICM yana da wuya, domin rassan ok sun murɗe ta kowace fuska, ba layi ɗaya da za ki bi. Ki haura sama zuwa Bolehill. Tsohon wurin fasa dutse ne, daga nan aka ɗebi dutsen gina madatsun ruwa na Howden da Derwent a farkon ƙarni na 20. Da aka bar wurin sai bac ta mamaye shi. Har yanzu akwai manyan duwatsun niƙa da aka sassaƙa aka watsar a gefen hanya. Ɗaruruwan fararen bishiyoyi sirara a tsaye, ƙasa shimfiɗe da gajeriyar ciyawa da birakin, bayansu kuma bangon dutse mai duhu da ya tare sama.

Wata safiya a irin wannan makon na tsaya a can ana yayyafi mai laushi. Na zaɓi bishiyoyi biyar, huɗu sun ɗan haɗu ta hagu, ɗaya ta ware ta dama da ɗan karkata. Lens yana kan 100mm. Na ɗauki wajen 30 ina ja daga ƙasa zuwa sama, dukansu da wani farin tabo a kusurwar sama ta dama, na rasa daga ina yake. Sai da na sauke kyamara na duba da ido na ga wata 'yar tsaga a saman bangon dutsen, wadda ba ta fi tafin hannu ba daga inda nake, sama tana leƙowa ta ciki. Taku biyu na yi zuwa dama, wata bishiya ta rufe ta. Hoto na uku bayan nan shi ne wanda yake rataye a ɗakina: fararen layuka biyar, ƙasansu ja-ja kamar garwashin da ya fara lafawa, rawaya ta zubo tsakaninsu siri-siri.

Na ce 100mm, kuma da dalili. Ki ajiye 18-55 tukuna, ki ɗaura 55-250. A kan kyamara irin taki, a 100mm abin da hoto yake ɗauka daga sama zuwa ƙasa bai kai digiri 9 ba. Ke nan in kin ɗaga bakin lens da digiri 2 kacal, kin ja layin da ya kusa rubu'in tsayin hoton. A 18mm kuwa hoton yana ɗaukar wajen digiri 45, wannan motsin ba zai ma bayyana sosai ba, sai kin yi wurgi da hannu, kuma da kin ɗaga lens mai faɗi sama bishiyoyin gefe za su karkato ciki, layukan su tankware. Dogon lens yana kuma ba ki damar yanko ɗan yanki mai tsabta daga cikin hargitsin daji, ki bar sama a waje. Tsakanin 70 da 135 nake yawan zama.

Shi motsin kansa ƙarami ne, ya fi yadda kike zato ƙanƙanta. Ki buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, kyamara a goshi. Kada ki motsa da wuyan hannu, nan ne rawa take. Ki bar kai da hannu da kyamara su zama abu ɗaya, ki yi kamar mai gyaɗa kai a hankali yana amsa magana. Ki fara motsin kafin ki danna, ki danna a tsakiyar tafiya, ki ci gaba bayan kin ji shota ta rufe. Wanda ya danna sannan ya fara motsi zai samu ƙugiya a farkon kowane layi, domin yatsa yakan tura kyamara gefe lokacin dannawa. In kyamararki mai madubi ce, tagar leƙawa za ta yi duhu daidai lokacin ɗaukar, wato a makance kike jan layin. Don haka ki yi gwajin tafiyar sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba, ki ga inda za ki fara da inda za ki tsaya, ki tabbata ƙarshen tafiyar bai kai ki sama ba. Ki sa kyamara a ɗauka a jere, ki riƙe maɓallin ya harba uku a ja ɗaya. Na tsakiya yakan fi santsi.

Ki bi layin abin da ke gabanki. Bishiya a tsaye take, sai ki ja a tsaye. In ta karkata, ki karkata tare da ita. Da kin ja a kwance a gaban bishiyoyi, fari da kore da rawaya za su bi ta kan juna, kuma ina kyautata zaton rabin kununki daga nan ya fito. Jan kwance na bakin teku ne da fili mai shimfiɗa. Daga ƙasa zuwa sama ko daga sama zuwa ƙasa? Ni daga ƙasa nake farawa, domin jan birakin ya hau jikin bishiyar kamar harshen wuta, amma ki gwada duka biyun a wuri ɗaya, ba sa ba da abu ɗaya.

Tsawon layi kuwa saurin hannu ne haɗe da daɗewar shota. Ja mai sauri a 1/15 da ja a hankali a 1/2 suna iya ba da tsawo ɗaya, sai dai na farko ya fi miƙewa, na biyu ya fi nuna rawar jiki. In hoton ya goge har ba a gane daji ne ba, ki rage ɗaya daga cikinsu, kada ki taɓa duka biyun lokaci guda, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Ni a ganina hoton da ya fi daɗewa a ido shi ne wanda mai kallo zai ce "bishiyoyi ne" nan take, sannan ya tsaya yana kallon launin. Wanda ya zama zane-zane zalla yakan burge a kallon farko, amma kowa yana iya yin sa a gaban labulen ɗakinsa.

In hannunki ya faɗa, ga wata dabara da nake ƙauna. Ki kai shota sakan 1, ki tsaya cik na rabin lokacin, sannan ki ja a sauran rabin. Tsayawar takan bar inuwar ganye da baƙaƙen tabon ɓawon bac a fili, jan kuma ya shafa musu hazo a kai. Tana buƙatar haske kaɗan ƙwarai, don haka ta magariba ce ko ta filta.

Wannan hanya ba intanet ce ta haife ta ba. Ernst Haas, haifaffen Ostiriya, ya ɗauki wasan bijimai a Sifen a shekarun 1950 da shota a hankali, mutum da sa da mayafi suka narke cikin juna. Fim ɗin launi na Kodachrome a lokacin saurinsa 10 ne kawai a ma'aunin da ya zama ISO na yau, wato kusan dole shota ta daɗe. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin cikas, shi kuwa ya mayar da shi salo. A 1962 gidan adana zane-zanen zamani na Niyok ya baje kolin hotunansa masu launi. Ina kawo shi ne don ki san cewa in wani ya ce miki wannan ɓata hoto ne, magana ce da aka daɗe da wuce ta.

Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Cikin daji kyamara takan ruɗe da yawan kore ta sanyaya hoton, sai ki sa ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launin haske, a kan alamar gajimare. Ki riƙa duba jadawalin haske, wato zanen da kyamara ke nunawa daga duhu a hagu zuwa fari a dama, bayan kowane 'yan hotuna, kada ya manne a bangon dama, domin farin ɓawon bac yana saurin ƙonewa. Rage haske da kashi 2/3 na mataki yakan tsare shi. A kwamfuta abin da hoton yake buƙata kaɗan ne: tunda motsi yana dama haske da duhu, yakan fito a kwance ba armashi, sai ki ɗan zurfafa baƙi ki ɗaga fari. Ki yi hattara da ƙara ƙarfin launi, rawaya tana saurin komawa kamar roba. Kuma za ki ga wasu ɗige-ɗige masu duhu da ba su motsa ba alhali komai ya motsa. Ƙura ce a kan sensa, f/16 da f/22 suna tona ta, santsin hoton kuma ba ya ɓoye ta. Ki hure sensar da 'yar robar hura iska kafin ki fita, ba da baki ba, sauran ki goge su a kwamfuta.

Kada yawan na zubarwa ya karya miki gwiwa. Fita ɗaya nakan dawo da 200 ko 300, in ajiye uku ko huɗu. Amma kada ki goge a daji, ƙaramin allon kyamara ba ya nuna laushin launi, kuma sau da yawa wanda na raina a can shi nake zaɓa a gida.

In kin dawo gida hutu, hannun da kika koya zai yi miki aiki, ko da yake kakarmu ba ta sauya launin bishiyoyi haka. Kuka zubar da ganyenta take yi in rani ya shigo, gawo kuwa sai damina ta wuce yake fitar da nasa. Layukan tsaye dai muna da su: karan dawa a gona kafin girbi da jajayen zangarniya a kai, jerin dogon yaro a bakin hanya, giginya a fadama, gandun turare a Jos da Mambila. Sai dai ranarmu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, can ND64 za ki nema, ko ki fita da sassafe lokacin hazon hunturu.

Yanzu a Shefild rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 da 'yan mintuna, tana faɗuwa kafin 7 na yamma, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa 1, duhu ya riƙa riskarki da wuri. Ki duba hasashen yanayi, ki zaɓi safiya mai gajimare marar iska, ki sa takalmi mai riƙe ƙasa domin duwatsun suna santsi in sun jiƙe, ki nisanci bakin ramin fasa dutsen, kuma ki tafi da abokiyar tafiya. Ki zaɓi gungun bishiyoyi guda ɗaya ki zauna a kansu minti 20 kafin ki matsa. In kin dawo, ki turo mini uku da ba ki taɓa su a kwamfuta ba, tare da lambobin shota da afaca da tsawon lens na kowanne, in duba inda hannunki yake karkata.